Shekarar da Sanda Ya Bar wa Safinatu Gida

A unguwar Hausawa ta Agege, in ka tambayi gidan Sanda mai fata, ba za a rasa wanda zai ce maka, "Wanda matarsa ta kora?" sannan ya nuna maka ƙofar yana murmushi. Ƙarya ce tsagwaronta, Safinatu ba ta taɓa korar ko kazar maƙwabta da zafin rai ba, balle mijinta. Amma ƙarya ta fi gaskiya daɗin faɗi a bakin teburin mai shayi, shi kuwa Sanda ba mutum ne mai bin mutane yana gyara musu zance ba. Don haka labarin ya zauna a karkace, alhali abin da ya faru ba na dariya ba ne.

Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Yana saurayi ya rako shanun wani attajiri zuwa Kano, aka zuba shanun a taragon jirgin ƙasa, aka ce ana neman wanda zai tsaya a cikinsu yana ta da wadda ta kwanta don kada 'yan'uwanta su tattake ta. Sanda ya ce shi ne. Haka ya iso Ikko a tsaye, da kashin shanu har gwiwa. Niyyarsa ya ci rani guda, ya sayi keke ya koma gida a gan shi. Keken dai ya saya, har ya tsufa ya ruɓe, mai keken bai koma ba sai jefi-jefi in an yi rasuwa.

Ya yi dako a kwata, ya yi fiɗa, daga baya ya tsaya a kan fata. Tun da ya ga mutanen garin nan ba sa barin ƙirgin saniya ya zama takalmi, babbake shi suke su jefa a miya, sai ya bar musu abinsu ya kama fatun awaki da na tumaki. Ya saya a hannun mahauta, ya kankare, ya shafe da gishiri, ya jera, in sun taru a loda su sai majemar Kano. Da aka buɗe babbar abbatuwa ta Oko-Oba, ya samu 'yar rumfarsa a gefe. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Halinsa guda ne kowa ya sani: tsantseni, irin wanda ke gajiyar da mutane. In aka ce masa ga iyaka, sai ya ja da baya ya kafa tasa iyakar, don kada tsautsayi ya sa ya taka ta gaskiyar. Fatar da wani zai shafa wa gishiri sau ɗaya ya tafi, shi sai ya juya ta ya sake. Kuma in malami ya ba shi fatawa, ba ya komawa ya ce, "To in kaza ta faru fa?" A wurinsa mai yawan komawa da tambaya rangwame yake nema, kuma ba a neman ragi a wurin Allah kamar ana cinikin albasa.

Safinatu 'yar Agege ce gaba da baya. Kakanta fataucin goro ya kawo shi, a nan aka haifi ubanta, a nan aka binne su duka. Arewa dai tana jin labarinta, iyakarta Ilori, shi ma biki ya kai ta. Yarbanci a bakinta kamar ruwa, in kuwa ranta ya ɓaci da shi take faɗa, in ta huce ta dawo Hausa. Waina take toyawa a ƙofar gida da safe, kuma a wurin sayen wainar nan Sanda ya gan ta, ya yi ta saye har abokansa suka fara tambaya ko cikinsa rijiya ne. Suka yi aure, suka tsufa tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin ya ci ransu shekaru da yawa, daga baya suka daina zancen, suka koma zancen gwiwoyinta da ke ciwo da tarinsa da ba ya jin magani.

Abin da suka tara a duniya shi ne gidan nan. Sanda ya sayi filin a hannun 'yan ƙasa tun wurin yana rabin daji, ya sha jeka-ka-dawo kafin su ƙyale shi ya sa bulo. Ɗakuna huɗu ne suna kallon juna, da rijiya a baya. Suna cikin ɗaya, ɗaya na kayan wainarta da tarkacensa, biyu kuma 'yan haya. Ba wani gida ba ne da za ka tsaya kallo, amma a Ikko wanda ke da inda mai gida ba zai buga masa ƙofa ba, sarki ne.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba sai wani mahauci maƙwabcinsu ya rasu. Matarsa, Baiwa, ita ma ba ta haihu da shi ba, amma yana da manyan 'ya'ya a Arewa daga auren fari. Suka zo, suka yi zaman makoki, suka haƙura har ta fita takaba, sannan suka ce su ba zaman Ikko za su yi ba, a sayar da gida a raba. Ba su zalunce ta ba ko da ƙwayar zarra. Aka ba ta tumunin takabarta cif, sai dai tumunin gida ba ya sayen ko baranda a Agege. Sanda yana zaune a ƙofarsa ya ga Baiwa ta fito da tukwanenta a cikin buhu, tana tambayar mata ko sun san inda ake ba da hayar ɗaki mai sauƙi.

Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sanda ya dubi lamarinsa. Ba shi da ɗa, iyaye sun rasu, saura ƙanensa Sale da ke can Tasawa, wanda bai taɓa taka Ikko ba, bai kuma taɓa ganin fuskar Safinatu ba sai a hoto. Sale ba mugu ba ne, amma manomi ne mai iyali da yawa. In aka ce masa ga gida a bakin teku ya gada, me zai yi da shi in ba ya sayar ba? Ita kuma ina za ta? Ba ta da wata Arewa da za ta koma.

Da farko wani ɗan hayarsa ya kai shi wurin lauya a Ikeja. Lauyan ya ce abu mai sauƙi ne, a rubuta wasiyya a bar mata gidan duka, a sa hannu, a ajiye. Sanda ya ji daɗi har ya fara godiya, amma a cikin motar haya ta danfo yana dawowa zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Abin da ya zo da sauƙi haka, shi bai yarda da shi ba. Bayan la'asar ya tsaya a masallaci har mutane suka watse, ya matsa kusa da Malam Shafi'i, wanda shi ke raba wa mutanen unguwar gado.

"Allah gafarta Malam, in na mutu yau, mi matata za ta samu cikin wanga gida?"

"Tunda ba ɗa, rubu'i ne nata," in ji Malam. "Sauran na ƙanenka."

"In na yi mata wasiyya hwa?"

"Babu wasiyya ga magaji, Sanda, sai in sauran magada sun yarda bayan ka mutu. Su yarda ko su ƙi, ba ka nan. Takardar lauya tana iya cin nasara a kotun garin nan, amma kai ba a kotun garin nan za ka tsaya ba."

Sanda ya ce, "To ba wata hanya ke nan?"

Malam ya ce akwai. Mutum yana da ikon ya yi kyauta da dukiyarsa tun yana da rai da lafiya, ya ba wanda ya ga dama. Amma kyauta ba ta tabbata da baki, sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, abin da malamai ke cewa hauzi. A nan ne gizo ke saƙa. In mace ta ba mijinta gidan da suke ciki, ya zama nasa ko ba su motsa ba, domin dama shi ke da alhakin zaunar da ita. Amma in miji ne ya ba matarsa, ya kuma ci gaba da zama a ciki har ya mutu, to a mazhabarmu bai sake shi ba, gidan ya koma gado.

"Sai ka fita da kayanka a gaban shaidu," Malam ya ce. "Ta riƙe makullai, ita ke karɓar haya, ita ke gyara. Kada ka koma da zama sai shekara ta zagayo. In ta zagayo ka dawo, ba komai, gida ya riga ya zama nata."

Malam ya ƙara da cewa mafi sauƙi su tashi su biyun, su kama haya wani wuri, ta sa mutane a gidan. Yana shirin ya ci gaba sai aka zo kiransa wurin wata jana'iza. Sanda ya riga ya ji abin da zai ji. Ya ɗauki takalmansa ya tafi da kalmomi biyu a kansa: fita, shekara.

Safinatu tana wanke tanda ya faɗa mata. Ta ajiye tsumma ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, lafiyarka ƙalau, abi? Ka ba ni gida, sannan ka tafi ka bar ni da bango? Bango na aura?"

"Shekara guda ce tak. Ko mu tashi tare, in kin yarda."

"In tashi in je ina da gwiwoyin nan? Masu sayen wainata fa, su bi ni? Kuma ka san garin nan, mu juya baya wata biyu, mu dawo mu tarar wani ya sayar da gidan har sau uku." Ta koma kan tandarta tana gurza da ƙarfi. "Ni ban roƙe ka gida ba. Wa ya ce maka ma kai za ka riga ni?"

Sanda ya yi dariya, domin ya girme ta nesa ba kusa ba, ga tari. Ya ce ta tuna Baiwa. Da ya ambaci Baiwa sai ta daina gurzar tandar, don ita ce ta taya ta ɗaure buhun tukwanen. Sun kwashe makonni suna ja, ta yi faɗa da Yarbanci, ta yi lallashi da Hausa. Amma namijin da ya ƙudurta cewa alheri zai yi maka ya fi mai niyyar cutarka wuyar tankwarawa. A ƙarshe ta ce, "Oya, yi abin da ka ga dama. Allah Ya kai mu."

Bayan Babbar Sallah, da ya gama da fatun layya, ya tara shaidu a ƙofar gida. Malam ya yi addu'a, aka rubuta, lauya ma ya buga nasa hatimin don kada a bar ƙofa a buɗe ta ko'ina. Sanda ya miƙa mata makullai. Ya fito da akwatinsa, da tabarma, da rediyo, har da tsohon buzun sallarsa da allurar ɗinkin buhu, bai bar ko tsinken sakace ba. 'Yan haya suka tsaya suna kallo, ba su san ko barka za su yi ba ko jaje.

Inda ya samu shi ne wani dogon ɗaki a bayan abbatuwa, inda 'yan Nijar masu gadi da masu dako ke kwana a jere. Wuri ne na gwauraye, mace ba ta shiga. Samari ne yawancinsu, suna girmama shi, suna ce masa Baba, sun bar masa gefen taga. Amma girmamawa ba hira ba ce. In ya shigo sai su rage murya, in ya fita su ci gaba da dariyarsu. Zancensu na kamiyo ne, babbar motar kaya mai tafiya Maraɗi, da kuɗin sefa, da 'yan matan da suka bari a gida, shi kuwa garin da suke kewa ya daɗe da daina zama nasa. Yakan kwanta ya juya musu baya yana jin kukan shanun da za a yanka da safe. Kaɗaici ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba ko a farkon zuwansa Ikko, domin a lokacin bai san daɗin zama da wani ba.

Kullum in ya tashi daga rumfa yakan bi ta gidan. Ba ya wuce dakalin ƙofa. Safinatu ta fito masa da tuwo, ta zauna a kan kujerarta ta tsugunno, ya ci a nan bakin hanya, 'yan okada na wucewa suna watsa musu ƙura ko taɓo. Tun tana cewa, "Shigo mana, ko ruwan sama ka fake," har ta gaji. Shi lissafinsa, in ya shiga yau don ruwa, gobe zai shiga don rana, wata rana a samu mai cewa ai Sanda bai taɓa barin gidan ba. Kafin a kira magariba ya wanke hannu ya tafi.

A nan ne zancen kora ya samo asali. Mahauta ba sa ganin abu su ƙyale. In ya doso rumfa sai wani ya ce, "A ba Baba wuri, baƙon Safinatu ya iso." Wani ya ce ai maganin Yarbawa ne, an wanke masa kai da ruwan tanda. Ya ji duka, ya ci gaba da shafa wa fatunsa gishiri. Abin da ya fi cizonsa shi ne ganin tana iyawa ba tare da shi ba. Damina ta zo kwano ya fara yoyo, ta kira kafinta da kanta, ta yi ciniki ya fi nasa kyau. Da ɗaya daga cikin 'yan haya ya tashi, ba ta shawarci kowa ba ta aika aka nemo Baiwa ta ba ta ɗakin. Sanda ya yi murna da wannan ƙwarai, don ga shaida nan kowa ya gani cewa ita ce mai gida. Amma a hanyarsa ta komawa sai murnar ta gauraye da wani abu da ya rasa sunan da zai ba shi.

Ita ma ba daɗi take ji ba, sai dai ba ta faɗa masa kai tsaye. Takan ce ta dafa abinci ya yi yawa, hannunta ya ƙi koyon awon mutum ɗaya. Ko ta ce ɓera ya dame ta, tun da babu mai tari a ɗakin sun samu sake. Shi kuma sai ya ce saura kaɗan. Da azumi ya zo, yakan sha ruwa a dakalin da ƙosanta da kunun gyaɗa, sahur kuwa sai burodi da shayin wani Buzu a bakin abbatuwa. A duk shekarun aurensu ita ke tashinsa sahur da zungurin ƙafa, bana kuwa gwangwanin da wani ke bugawa a layi ne ke tashinsa.

Bayan Ƙaramar Sallah ta fara kukan ciwon kai. Aka auna ta a wani kemis aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi, tana sha in ta tuna. Ana haka sai ga ranar Lahadin nan da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama wuta. Wanda yake Agege a ranar ba ya mantawa. Ƙasa ta yi ta girgiza, tagogi na faɗowa, mutane suka cika titi suna gudu ba su san inda za su ba, wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa tashin duniya. Sanda ya bar rumfarsa a buɗe, ya kutsa cikin masu gudu yana tari har ya isa. Ya tarar da ita zaune a ƙofar gida da carbi, don ƙafafunta ba na gudu ba ne. Baiwa na gefenta tana salati.

Ya zauna a dakali. Duk ƙarar da ta tashi sai ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Da aka kira magariba ya yunƙura, sai ta riƙe rigar ba ta saki ba.

"Malam, jowo, don Allah, kwana a nan yau. Tsoro nake ji, kaina kuma kamar zai tsage."

Wallahi ya so ya zauna. Babu abin da ya taɓa so a duniya kamar ya shiga ɗakin nan ya ja ƙofa. Amma ya dubi layin, ga mutane cike, kowa ya fito, kowa na ganinsa. Wata goma sha ɗaya ke nan yana kwana cikin gwauraye, ya zubar da su a dare guda?

"Safinatu, abin da munka yi haƙuri da shi har yau, kada mu ɓata shi da hannunmu. Ga Baiwa nan. Ni ina masallaci, ko tari kinka yi zan ji."

Ta dube shi, ta saki rigar a hankali, har ta gyara masa inda ta yamutsa.

"Ba komai," ta ce. "Pele, sannu. Tafi ka yi sallarka."

A masallacin ya kwana, da asuba ya leƙo ya ji lafiya. Ta ci gaba da fito masa da tuwo kamar da, tana tsokanarsa kamar da, amma ba ta sake cewa ya shigo ba. Shi kuwa ya ɗauki hakan a kan ta gane. Yana ta shirin komawa: ya sayi sabuwar katifa ya ajiye a shagon wani, ya yi wa mai fenti magana. In an sauko daga Idi, ya gama da fatu, sai gida.

Raguna sun riga sun cika bakin titi, yana can wurin masu gishiri yana ciniki da hantsi, sai wani mahauci ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce ana nemansa a gida. Mahaucin nan yana cikin masu yi masa ba'a, amma yau ya ce "gida" bai yi murmushi ba, daga nan Sanda ya sha jinin jikinsa. Baiwa ce ta ga rana ta ɗaga ba a hura wutar tanda ba, ta tura ƙofa ta samu Safinatu a ƙasa kusa da gado, rai ya yi halinsa. Babu wanda ya san ko ta kira wani, ko ta daɗe a wurin.

Ranar ya shiga ɗakin, babu wanda ya hana shi, shi ma bai hana kansa ba. Ya zauna kusa da ita har mata suka zo suka ce ya ba su wuri. Aka kai ta maƙabartar da kakanta da ubanta suke. Bai yi kuka a gaban mutane ba, sai dai da aka gama ya rasa inda zai nufa, ya tsaya a bakin hanya har wani ya kama hannunsa.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado a zauren Malam Shafi'i. Magadanta biyu ne, mijinta da ƙanenta Hashimu, direban danfo da ke zaune a Idi-Araba da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya na haya. Malam ya ce kyauta ta tabbata, domin Sanda ya fita, ta karɓa, ta rasu gidan yana hannunta. Saboda haka gidan Safinatu ne ake rabawa: rabi na miji tunda ba ɗa, rabi na ɗan'uwanta.

Hashimu ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. "Yaya Sanda, wallahi ni na san guminka ne. In ka ce in bari, na bari."

"Haƙƙinka ne, ba ni na ba ka ba," Sanda ya ce. "Ka kwaso ɗiyanka ku shiga. Abu guda nika roƙo, a bar Baiwa inda take, a sa ɗakinta cikin rabona."

Masu jin labarin sukan tsaya a nan su yi ta jinjina, wai garin neman gira an rasa ido, mutum ya gina gida da hannunsa ya tashi da rabi. Sanda ko a jikinsa. Da a ce duka gidan aka ba Hashimu, da bai ɗaga kai ba. Wani abu ne daban ke cinsa, kuma ya jira har kowa ya fita, saura shi da Malam. Mutumin da bai taɓa komawa da tambaya ta biyu ba, yau ya koma.

"Allah gafarta Malam, ranar da barikin nan ya fashe ta roƙe ni in kwana. Ba ta da lafiya. Na ƙi." Ya dubi Malam. "Da na kwana, da kyautar ta ɓaci?"

Malam Shafi'i ya mayar da idonsa kan tabarma. Da wani ne da ya ce masa ƙwarai kuwa, ka yi daidai, ya sallame shi da zuciya a sanyaye. Amma Malam ba ya ƙarya a kan hukunci, ko don ya share wa mutum hawaye.

"Ba ta ɓaci ba, Sanda. Komawa da zama aka hana ka. Wanda ya shiga a matsayin baƙo, ya kwana don jinya ko don tsoro, kayansa suna waje, bai koma ba. Ko da a daren nan Allah Ya ɗauki ranka a ɗakin, gidan nata ne."

"Ko da ba dare guda ba?"

"Ko da ka riƙa yi lokaci-lokaci." Malam ya ɗago ido, su ma sun cika. "Na ɗauka kana yi. Ban san a dakali ka shekara ba."

Sanda ya ce, "To." Ya yi godiya kamar yadda ya saba, ya nemi takalmansa ya daɗe bai gan su ba, alhali suna gabansa.

Da yamma ya je ɗakin gwauraye ya ɗauko akwatinsa da tabarmarsa. Sabuwar katifar bai karɓo ta ba, ya bar wa mai shagon. Ya dawo gida ya shiga ɗakinsu, kuma tun daga ranar bai sake kwana a wani wuri ba, ko Tasawa aka yi rasuwa sai dai ya aika da gaisuwa. Gidan ya cika da hayaniyar 'ya'yan Hashimu, matar Hashimu na ba shi abinci a kan lokaci, ba wanda ya taɓa ɓata masa. Da an yi sallar isha'i yakan shiga ya ja ƙofa ya kwana, kowane dare, ba fashi. Sai dai wadda ta roƙe shi dare ɗaya ba ta nan.